Ƙwayoyin da ke tsamo taki daga ruwan ƙazanta

A shekarar 1973, a cikin wani daji da ke arewa maso yammacin lardin Ontario na ƙasar Kanada, wasu masana ƙarƙashin jagorancin David Schindler sun zaɓi wani ƙaramin tafki mai siririn ƙugu kamar kalangu. Suka saki labule mai kauri a daidai ƙugun, tun daga saman ruwa har ƙasa, tafkin ya rabu gida biyu. Kowane ɓangare suka zuba masa sinadarin kabon da na naitirojin, amma ɓangare ɗaya kaɗai suka ƙara wa fosfaras. Kafin zafin shekarar ya wuce, ɓangaren da ya sha fosfaras ya rikiɗe ya koma kore shar kamar miyar kuka, ɗayan kuwa yana nan garau yadda aka same shi. Hoton da aka ɗauka daga sama na wannan tafki mai lamba 226 ya zagaya duniya, ya kuma kashe bakin masu sarrafa garin sabulu, waɗanda a lokacin suke ta musun cewa fosfaras ɗin da ke cikin hajarsu ne ke lalata tafkuna.

Tun daga ranar aka daina gardama a kan abu ɗaya: a mafi yawan tafkuna da madatsun ruwa, fosfaras shi ne linzamin gansakuka. Idan ya yi ƙaranci, ruwa ya zauna lafiya. Idan ya yi yawa, gansakuka da kainuwa su samu abin da suke jira. Masana sun ƙiyasta cewa kilo ɗaya na fosfaras zai iya ciyar da ɗanyar gansakuka da ta kai kilo 500.

Ɓarnar ba a launin ruwa ta tsaya ba. Gansakukar tana mutuwa ta nutse, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kifi ya taso sama ciki a waje. Wani nau'in ma dafi yake fitarwa mai cin hanta. A watan Agusta na 2014, an wayi gari a birnin Toledo na jihar Ohio a Amurka da sanarwar cewa kada kowa ya sha ruwan famfo, kada kuma a ce za a tafasa shi, domin tafasawa ƙara wa dafin ƙarfi take yi. Sama da mutum 400,000 suka yi kusan kwana uku suna layin ruwan roba, alhali ga tafkin Erie shimfiɗe a gabansu. Shekaru bakwai kafin nan, a 2007, mutum kimanin miliyan 2 a birnin Wuxi na ƙasar Sin sun yi kusan mako guda famfonsu na zubo da ruwa mai ɗoyi, bayan gansakuka ta rufe tafkin Taihu.

Fosfaras ɗin da ke kaiwa ga ruwa hanya biyu yake bi. Akwai wanda ruwan sama ke wankowa daga gonaki, kuma shi ne ya fi yawa a lamarin Toledo. Akwai kuma wanda ke fitowa daga jikin ɗan Adam da wanke-wankensa. Kowane baligi yana fitar da kimanin giram ɗaya da rabi a rana ta fitsari da bayan gida, wato wajen rabin kilo a shekara. Ai shi kansa sinadarin a cikin fitsari aka fara gano shi, a 1669, lokacin da wani Bajamushe mai suna Hennig Brand ya yi ta dafa fitsari a birnin Hamburg yana neman zinariya. Na gonaki warwatse yake, kamunsa sai an bi manoma ɗaya bayan ɗaya. Na birni kuwa, in dai akwai magudanai, bututu ɗaya yake bi ya isa wuri ɗaya. A nan ne ake iya tare shi.

Tambayar ita ce da me za a tare shi. Amsar da ta fi dacewa da ƙasashen da kuɗin waje ke yi musu wuya, ƙasarsu kuma take kukan taki, ita ce a bar ƙwayoyin bakteriya su yi aikin, sannan a karɓe fosfaras ɗin daga hannunsu a mayar da shi gona. Duk birnin da zai gina matatar ruwan ƙazanta a yau, wadda za ta riƙa zuba ruwanta a kogi ko madatsa, bai kamata a amince da zanenta ba sai an ga gurbin wannan aiki a ciki.

Tsohuwar hanya kowa ya san kamarta. Wanda ya taɓa jefa ɗan gutsuren alam a randar ruwan rafi ya ga yadda datti ke dunƙulewa ya kwanta. Haka ake yi a matata: a zuba alam ko gishirin ƙarfe, su kama fosfaras su kwanta da shi. Hanyar tana aiki, ba ta da wuyar koyo, kuma da ita aka ceto tafkin Erie karon farko bayan yarjejeniyar da Amurka da Kanada suka sa wa hannu a 1972. Amma tana da tsada da ba ta ƙarewa. Kullum sai an sayi sinadari, kullum sai mota ta kawo shi. Lakar da za a kwashe tana ƙaruwa sosai. Ruwan da aka tace yana ƙara gishiri. Fosfaras ɗin kuma yana ɗaurewa da ƙarfe ko alam ɗauri mai tsanani, har ya zamana tsiro ba ya samun sa cikin sauƙi, mai son ware shi ma sai ya sha wahala.

Sabuwar hanyar a Afirka ta girma. Birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu a kan tudu yake, ba shi da babban kogi. Ruwan da ya fita daga matatunsa ta arewa kogin Jukskei yake bi ya faɗa kogin Crocodile ya tare a madatsar Hartbeespoort, wanda ya fita ta kudu kuma ya nufi kogin Vaal, inda jama'a da masana'antu suke ɗiba. A ƙasa mai ƙarancin ruwa irin wannan, abin da wani ya zubar shi wani zai sha. Zuwa shekarun 1970 madatsar Hartbeespoort ta riga ta yi suna wajen gansakuka da kainuwa, injiniyoyin ƙasar kuma ba sa son hanyar da za ta ƙara wa kogunansu gishiri.

A wannan yanayi ne wani injiniya ɗan ƙasar, James Barnard, ya kafa wata ƙaramar matatar gwaji a Pretoria a farkon shekarun 1970. Naitirojin yake son cirewa ba tare da sinadari ba. Da yake auna ruwan da ke fita, sai ya ga fosfaras ma ya ɓace kusan ƙarƙaf, alhali bai zuba komai don shi ba. Kafin shi, masu bincike a Indiya a 1959, da wasu a Amurka a 1965, sun lura cewa lakar matata takan haɗiye fosfaras fiye da buƙatarta, amma ba wanda ya iya sa ta yin hakan a duk lokacin da ake so. Barnard ne ya kama bakin zaren: sai lakar ta fara ratsa wani wuri da babu iskar oksijin kuma babu naitiret, kafin ta shiga inda ake hura mata iska. Daga baya ya bayyana cewa a matatar gwajin tasa akwai wani lungu da laka ke maƙalewa tana tsima, kuma wannan lungun da ba a yi shi da niyya ba yana cikin sirrin nasarar. Tsarin da ya fito da shi aka sa wa suna Bardenpho. Masana a Jami'ar Cape Town, irin su Gerrit Marais da George Ekama, suka gyara shi suka kuma shimfiɗa lissafinsa, injiniyoyin birnin Johannesburg su ma suka fito da nasu salon. A 1980 gwamnatin ƙasar ta ƙayyade cewa ruwan da za a saki a wasu yankuna masu haɗari kada fosfet ɗinsa ya wuce miligiram ɗaya a kowace lita.

Yadda abin yake gudana ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau, domin a nan kyawunsa yake.

Mai ziyara da ya hau dakalin irin wannan matata zai fara cin karo da tanki mai ruwa baƙi-baƙi, shiru, sai wata farfela a ƙasa tana juya shi a hankali don kada laka ta kwanta. Ba kumfa, ba ƙara. A nan ɗanyen ruwan ƙazanta yake haɗuwa da lakar da aka dawo da ita daga ƙarshen matatar, laka mai ɗauke da biliyoyin bakteriya. Yawancinsu ba sa iya cin komai a wannan tanki, domin sai da iska suke cin abinci. Amma akwai wani rukuni da ya shigo da guzuri. A cikin jikinsu akwai dunƙulen fosfet da suka tara tun zagayen baya. Sai su farfasa wannan ajiya su samu ƙarfi, da ƙarfin su wawushe abinci mafi daɗi da ke cikin ruwan, wato ƙananan sinadarai masu tsami irin na ruwan kal, su adana shi a jikinsu kamar kitse. Tamkar ɗan kasuwa ne da ya shigo kasuwar hatsi da kaka, ranar da ba mai kuɗi a hannu sai shi: ya kwance lalitarsa ya cika rumbu.

Fosfet ɗin da suka farfasa cikin ruwa yake zubewa. Saboda haka idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya zura kwalba ya ɗebo ruwan wannan tanki, zai ga fosfaras ya ninka na ruwan da ya shigo sau biyu ko uku. Baƙo zai ɗauka aiki ya ɓaci. Ma'aikacin da ya san aikinsa kuwa ranar da ya ga wannan adadi ya hau, ranar hankalinsa yake kwanciya, don ya san ƙwayoyinsa suna da rai kuma sun ƙoshi.

Daga nan ruwan ya gangara zuwa tankin iska. Nan kuma duniya ce daban: injuna na ruri, ruwa ruwan ƙasa-ƙasa yana tafarfasa da kumfa, ƙamshinsa kamar na jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan ruwan fari. Sauran bakteriya sun samu iska, amma abinci mai daɗi ya riga ya ƙare. Masu guzuri su ne sarakai. Su ƙona kitsen da suka adana, su hayayyafa, su kuma shiga tsince fosfet daga ruwa suna sake cika lalita, har su kwashe fiye da abin da suka zubar a baya. A tanki na ƙarshe laka ta kwanta, ruwa garau ya malala ta baki. Mafi yawan lakar a mayar da ita farko ta sake zagaye, wani kaso kuma a janye shi kullum. Da wannan kason fosfaras yake barin ruwa. Busasshiyar lakar matata ta yau da kullum ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na fosfaras, amma ta irin wannan matata takan kai kashi 5 ko fiye.

Ba a sayo waɗannan ƙwayoyi daga ko'ina. Suna nan cikin ƙazantar kowane gari, ƙalilan ne kawai. Zagayen yunwar iska da ƙoshinta ne yake fifita su har su yi rinjaye. An shafe shekaru ana amfani da su kafin a san ko su wane ne. An daɗe ana zaton wani jinsi ne mai suna Acinetobacter, sai a ƙarshen shekarun 1990 binciken ƙwayoyin gado ya nuna babban ma'aikacin shi ne Accumulibacter, daga baya kuma aka gano wani mai suna Tetrasphaera yana taka rawa a matatu da yawa.

Daga Afirka ta Kudu fasahar ta haura teku. Garin Kelowna da ke gaɓar tafkin Okanagan a Kanada ya buɗe tasa matatar a 1982, ta kuma nuna cewa sanyi ba ya hana ƙwayoyin aiki. Yau ana amfani da tsarin a Amurka da Turai da Ostireliya da Sin. A 2011 ƙasar Singafo ta ba Barnard lambar yabo ta Lee Kuan Yew, ɗaya daga cikin manyan lambobin duniya a harkar ruwa.

Masu shakkar wannan hanya suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Alam ba ya fushi, abu mai rai kuwa yana yi. Idan aka yi ruwan sama mai yawa ya tsinka ƙazantar, abincin ƙwayoyin ya yi ƙaranci, aiki ya ja baya. Idan naitiret ya biyo lakar da ake dawowa da ita ya shiga tankin farko, wasu bakteriya su samu abin numfashi su riga masu guzuri cinye abincin. Idan laka ta daɗe a tankin ƙarshe ba iska, ƙwayoyin su amayar da fosfaras ɗin da suka haɗiya ya bi ruwa ya fita. Kowace matsala cikin waɗannan tana da magani sananne. Ana tsima lakar farko a wani tanki na daban, kamar yadda mai koko ke barin gasara ta kwana ta yi tsami, a samu ƙarin abincin da ƙwayoyin ke so. Ana sauya hanyar da laka ke bi don a raba ta da naitiret, wanda shi ne ainihin gyaran da masanan Cape Town suka kawo. Matatu da yawa kuma suna ajiye ɗan alam a gefe don ranar da ƙwayoyin suka gaza. Wanda ke sayen sinadari don ko-ta-kwana da wanda ke sayen sa kowace safiya, kasafinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma batun zafi, wanda ya shafi ƙasashenmu kai tsaye. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna cewa idan ruwa ya ɗumama ya haura digiri 25 zuwa 30, wasu kishiyoyin ƙwayoyi sukan yi ƙarfi. Su ma suna wawushe abinci a tankin da ba iska, amma ba sa tara fosfaras. Wannan ya sa aka daɗe ana cewa fasahar ta ƙasashen sanyi ce. Sai dai bincike a manyan matatun Singafo, inda ruwan ƙazanta ke zama wajen digiri 30 duk shekara, ya nuna ƙwayoyin masu tara fosfaras suna aiki a can. Zafi ma yana da nasa alheri, domin ƙazanta takan fara tsami tun tana cikin bututu, ta iso matata da abincin a shirye.

Hujja mafi nauyi daga mahaifar fasahar take fitowa. Rahoton Green Drop da gwamnatin Afirka ta Kudu ta fitar a 2022 ya nuna cewa matatu 334 na ƙananan hukumomi, kusan kashi 39 cikin ɗari, suna cikin mawuyacin hali. Madatsar Hartbeespoort har yau tana fama da kainuwa. Ƙasar da ta koya wa duniya wannan ilimi ta ga yadda rashin gyara, da yankewar lantarki, da ƙarancin ƙwararrun ma'aikata suke durƙusar da matata komai kyawun zanenta. Wannan gargaɗi ne ga kowa, amma bai zama dalilin komawa ga sinadari ba. Matatar da ba ta da wutar hura iska ba za ta tace komai ba, da alam ko babu. Hukumar da ta kasa biyan ma'aikaci ɗaya ƙwararre ba za ta iya biyan tirelar sinadari duk wata ba.

Abin da ya ƙara wa wannan hanya daraja a 'yan shekarun nan shi ne abin da ke biyo bayan tacewa. Fosfaras ɗin da ƙwayoyi suka haɗiye sako-sako yake, yana fita da sauƙi. Da farko wannan ciwon kai ne: a tankunan da ake ruɓar da laka, yakan haɗu da magniziyam da amoniya ya daskare ya zama dutse a cikin bututu, irin dutsen da kan fito wa wasu mutane a mafitsara, har sai an sa guduma da kurfi. Sai injiniyoyi suka ga cewa dutsen nan taki ne mai kyau, mai narkewa a hankali. Maimakon a bar shi ya toshe bututu, aka gina masa tanki na musamman inda zai dunƙule ya zama 'yan ƙwayoyi farare kamar gero. Wata matata kusa da birnin Portland a Amurka ta fara sayar da irin wannan taki a 2009. A 2016 matatar Stickney ta birnin Chicago, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ta buɗe nata sashen mai iya fitar da dubban tan a shekara. Jamus kuma ta kafa doka a 2017 da ta wajabta wa manyan matatunta ƙwato fosfaras daga laka, farawa daga 2029.

Dalilinsu a fili yake. Fosfaras ba shi da madadi a gona, ba a kuma ƙera shi a masana'anta kamar yadda ake samar da yuriya daga iska da gas. Haƙo shi ake yi, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na dutsen fosfet da aka tabbatar a duniya yana hannun Maroko. A 2008 farashin dutsen ya ninka kusan sau takwas cikin ɗan lokaci. Manomin Funtuwa ko na Maraɗi bai san sunan kasuwar da aka yi wannan ciniki ba, amma ya ji shi a farashin buhun kamfa da na supa. Ƙasar noma ta yankin savana an san ta da ƙarancin fosfaras, shi ya sa masara kan tsaya tsuru da ganye mai jaja-jaja a gonar da ba ta samu ba. Yarjejeniyar taki da Nijeriya ta ƙulla da Maroko a watan Disamba na 2016 a kan wannan sinadarin aka gina ta.

Lissafi mai sauƙi zai nuna girman abin da ke zubewa. Birni mai mutum miliyan 4, kowa na fitar da rabin kilo a shekara, ya tara tan 2,000 na fosfaras. Buhun supa mai kilo 50 yana ɗauke da wajen kilo 4 na tsantsar sinadarin. Ke nan abin da irin wannan birni ke turawa masai da kwata a shekara ya kai kimar buhu 500,000. Ba duka za a iya ƙwatowa ba, amma ko kashi ɗaya cikin huɗu aka samu, gonaki da yawa za su shaida.

Tunanin mayar da dattin birni gona ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Manoman kewayen Kano sun shafe ƙarnoni suna shigowa birni da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da taki da shara, kuma wannan ne ya sa gonakinsu suke nomuwa shekara da shekaru ba hutu. Har gobe masu lambu a gefen rafin Jakara da ruwan da ya fito daga birni suke ban-ruwa, domin sun ga yadda latas da alayyafo ke yin kyau da shi. Abin da suka gani gaskiya ne, ruwan yana da taki. Amma yana tafe da ƙwayoyin cuta, ga kuma dafin masana'antu da ke shiga wasu rafukan. A Yamai ma kwarin Guntu Yena yana kwasar ƙazantar birni ya juye a kogin Neja, kogin da kainuwar waje ta daɗe da mamaye sassansa. Bahaushe ya ce kainuwa dashen Allah, amma wadda ke toshe hanyar jirgin masunta a yau da taimakon ƙazantar birane take ƙiba.

Za a ce, Nijeriya, ƙasar da aka ƙiyasta a 2021 cewa mutum kusan miliyan 48 ke bahaya a fili, ƙasar da kwalara ta kama sama da mutum 100,000 ta kashe fiye da 3,000 a 2021 kaɗai, ina ita ina zancen fosfaras? Mai wannan magana ya yi gaskiya a kan abin da ya kamata ya zo farko. Masai mai tsafta, da wurin da motocin yasar masai za su juye kayansu ba a bayan gari ba, da kashe ƙwayoyin cuta, su ne gaba da komai. Ba kuma kowane gari ne yake buƙatar matata mai injuna ba. Ƙaramin gari mai fili zai iya wadatuwa da manyan kududdufan tacewa, inda rana da lokaci ke yin aikin. Inda kuma ruwan da aka tace gona zai tafi kai tsaye, cire masa fosfaras asara ce, a kashe cutar da ke cikinsa a bar wa shuka abincinta.

Maganar tana kan manyan birane ne, waɗanda ruwansu zai ƙare a kogi ko madatsar da wasu ke sha. Abuja tana da matatar Wupa, wadda aka tsara don ƙazantar mutum kimanin 700,000. Sauran manyan biranenmu yawanci a kan sokawe da masai suke, wato matatunsu ba a gina su ba tukuna. Wannan jinkiri yana da fa'ida ɗaya: za a iya yin zanen daidai tun farko. Tankin da ba iska ƙaramin kaso ne na girman matata, siminti ne da farfela. Sa shi a takarda tun ranar farko abu ne mai sauƙi, amma cusa shi cikin matatar da ta riga ta tsaya yana nufin fasa gini da tsayar da aiki, kamar yadda birane da dama a Turai da Amurka suka yi da kuɗi masu yawa.

Don haka akwai abubuwan da ya dace gwamnatocin jihohi, da bankunan da ke ba su rance, da injiniyoyin da ke duba zane su riƙe. Duk kwangilar babbar matata ta fayyace iyakar fosfaras da zai fita, ta kuma nemi a cimma iyakar da ƙwayoyin halitta, sinadari ya zama na ko-ta-kwana. A ware ruwan masana'antu, musamman na majemu, daga na gidaje, domin dafinsa yana kashe ƙwayoyin yana kuma ɓata takin. A haɗa matatar da wutar da ba ta yankewa, har da gas ɗin da lakarta ke fitarwa. A sa albashin masu gwaji da kayan aikinsu a kasafin kowace shekara, domin ma'aikacin da ke zura kwalba a tanki da asuba shi ne idon matatar.

Akwai kuma aikin da ba sai an jira rance ba. Ba wanda zai san yadda waɗannan ƙwayoyi za su yi da ruwan ƙazantar Kano a watan Afrilu, ko na Sakkwato da tsakar bazara, sai wanda ya gwada a wurin. Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna, duk suna da masana da ɗaliban da za su iya. Abin da Barnard ya fara da shi a Pretoria ƙaramar matatar gwaji ce da 'yan tankuna a jere. Irinta za ta zauna a bayan sashen injiniya na kowace daga cikin waɗannan makarantu: tankuna uku ko huɗu, injin hura iska mai aiki da hasken rana, ruwa daga magudanar ɗakunan kwanan ɗalibai, da littafin da za a riƙa rubuta awon kowace safiya tun daga hunturu har ƙarshen damina. A gefe kuma a ware kunya goma na masara, biyar a zuba musu supa na kasuwa, biyar a zuba musu abin da aka tsamo daga tankin, a gayyaci manoman unguwar da kwamishinan ruwa su zo ranar girbi su auna da kansu.